Wa ya taɓa yin sujada a tsohuwar majami'ar Wusasa?

Jikar Katikis: Salama gare ku. Na kai yarana gida hutu, na shiga da su tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ƙaramin ya ce ashe coci ma akan yi shi da ƙasa? Dariya ta kama ni, daga baya kuma na ji kunya. Iyayenmu da yayyenmu da kuka tashi a ciki, ku ba mu abin da kuka gani, in samu na faɗa musu.

Tsohon Malamin Makaranta: 'Yata, fara musu da wannan. Likita Mila na CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Sai a 1929 mishan ya fito bayan ganuwa, ya koma gindin dutsen Wusasa, aka gina majami'ar. Magina Hausawa ne, da tubali da azara, rufin kuma a kan bakan gizo kamar soron fada. A ciki aka yi mini baftisma. Abin da ya fi zauna mini shi ne sanyinta. Ranar bazara tana dukan mutum a waje, da ka tsallaka ƙofa sai ka ji kamar an sa ka a randa. Mai wa'azi ba ya bukatar lasifika, ginin ne ke kai muryarsa har sahun baya. Cocin kwano da muke ginawa yanzu, ruwan sama ya sauko, wa'azi ya ƙare ke nan.

Uwar Zumunta: Baba ya manta da wahalar! Ginin ƙasa ɗan lallashi ne. Kafin damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. Mu 'yan mata mu ne masu ɗebo ruwa, wuyana bai manta ba. Amma ranar godiyar kaka, da aka jera dammunan dawa da doya a gaba, har da kaji suna kuka ana tsakiyar addu'a, gajiya takan tafi.

Ɗan Gimi: Kakanninmu cikin Isawa suke, wato almajiran nan masu girmama Annabi Isa da wasunsu suka karɓi Kiristanci, a ƙauyen Gimi suka zauna kafin ciwon barci ya watsa garin. Kakata ba ta iya boko sosai ba, amma Littafi Mai Tsarkinta na Hausa, bugun 1932, yana naɗe cikin zane, ba mai taɓa shi da hannun miya.

Maƙwabcinku: Ni Musulmi ne, amma ku ba ni wuri. Gwaggona Kirista ce, kuma a asibitin mishan na garin aka haife ni. Ran Kirsimeti mukan tsaya bakin taga muna jin waƙa, muna jiran shinkafa. Da Sallah kuma kwanonmu ke zuwa gidanta.

Tsohon Malamin Makaranta: Haka Wusasa take, ɗana. Janar Gowon a nan ya yi ƙuruciya, Farfesa Ishaya Audu ma ɗan makarantar nan ne.

Jikar Katikis: Na gode ƙwarai. Mama, da me kuke haɗa ƙasar yaɓen? Makuba ce? Yaron ya nace sai ya gina tasa a bayan gida.