Fosfet ɗin Mama ya hau, ƙaiƙayi ya hana ta barci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyarmu na wankin ƙoda sau 2 a mako. Gwajin wannan watan ya nuna fosfet ɗinta (wani sinadari da ke taruwa a jini in ƙoda ta gaza) ya kai 7.8, likita ya ce ya yi yawa. Soshe-soshe take har ta ji wa bayanta ciwo. An ba ta maganin kalsiyam kabonet, tana sha da asuba kafin karin kumallo. Yayarmu ta ce a daina ba ta nama da kifi gaba ɗaya. Don Allah mene ne abin yi?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya ba Mama lafiya. Ana so fosfet ya zauna tsakanin 3.5 da 5.5 a ma'aunin mg/dL. Amma fara da lokacin shan maganin nan. Aikinsa ya kama fosfet ɗin abinci tun a hanji, ya fita da shi ta bayan gida. In ta sha cikinta ba komai, me zai kama? Da lomar farko ake shansa. Ki koma wa likita ya raba mata shi kan abincin yini, ya kuma duba kalsiyam ɗinta. In ya hau, akan sauya zuwa wani maganin mai suna sevelamer, sai dai ya fi tsada.

Wani mai wankin ƙoda: Kada ku hana ta nama, injin kansa yana rage furotin, ramewa za ta yi. A tafasa naman a zubar da ruwan, sannan a sa a miya. Farin ƙwai ma lafiya lau, gwaiduwar ce mai fosfet. A rage nono, kindirmo, madara, hanta, kifin gwangwani da ƙuli-ƙuli. Baƙin lemon kwalba kuwa a yi sallama da shi, fosfet ɗin da kamfani ke zubawa kusan duka jiki ke zuƙewa.

Wata uwa: To wake fa? Mu shi ne cimarmu.

Ma'aikaciyar jinya: Na wake bai shiga jini sosai kamar na lemo, amma yana da fotasiyam, wani sinadarin da shi ma yawansa ke cutar da mai ciwon ƙoda, sai an ga gwajin jini tukuna. Kuma ƙanwata, kada Mama ta sa a cire ta daga inji kafin awa 4 su cika, ko ta gaji. Sau 3 a mako aka fi so, duk da mun san halin aljihu.

Mai tambaya: Na gode Anti. Furar ce rigimar, kullum sai an dama mata da la'asar.