Da kalmar sirri ina shiga lafiya, da makullin SSH kuma foldata ta ƙi buɗewa

Sabon_Admin:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka min abin nan ya kusa haukata ni. Asusun ma'aikatanmu duka yana kan FreeIPA, manhajar da ke kula da asusu da kalmar sirri a wuri ɗaya, foldar kowa kuma tana zaune a kan saba ɗaya ta NFS (tsarin raba fayiloli ta netwok), autofs ne ke jawo ta zuwa /home idan mutum ya shiga. Muna amfani da sec=krb5, wato NFS ɗin yana aiki da Kerberos, tsarin tantance mutum da tikiti. Idan na shiga wata kwamfuta daga nesa ta SSH na rubuta kalmar sirri komai lafiya lau, fayilolina na nan. Amma da na sa makullin SSH don in huta da rubuce-rubuce sai ya bar ni in shiga amma ya jefa ni a / yana cewa Could not chdir to home directory, Permission denied. Abin da ya fi ɗaure min kai wani lokacin yana yi wani lokacin ba ya yi, jiya da rana ya yi, yau da safe ya ƙi. Na sake kunna autofs, na yi sss_cache -E, har sabar na kashe na kunna, shiru. Umarnin id yana nuna lambar asusuna daidai. Me na manta?

Dan_Terminal:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka duba SELinux, wato tsarin tsaron Linux, tukuna, in yana kunne kuma ba ka yi setsebool -P use_nfs_home_dirs 1 ba to sshd, mai karɓar masu shiga ta SSH, zai riƙa cin karo da foldar da ke kan NFS. Sannan ka yi ls -ln /home ka gani, in mai foldar ya koma 65534, wato nobody, to Domain ɗin da ke /etc/idmapd.conf ne bai yi daidai da na sabar ba.

Sabon_Admin:

Na gode, SELinux ɗin na riga na saita tun farko, har setenforce 0 na gwada na ɗan lokaci, bai canza komai ba. Kuma ba nobody yake nunawa ba.

Hajiya_Kerberos:

Ƙanena bar wahalar da autofs, ba shi da laifi. Yanzu ka shiga da makullin, da ya jefa ka a / ɗin nan ka rubuta klist, umarnin da ke nuna tikitin da kake da shi, ka faɗa mana abin da ka gani, ina kyautata zaton zai ce babu tikiti. Da sec=krb5 sabar NFS ba ta damu da lambar da id ya nuna maka ba, ba ta yarda da maganar kwamfutar da kake kai cewa wane ne kai, tikitin Kerberos naka take so ta gani. Lokacin da ka rubuta kalmar sirri SSSD, mai tantance masu shiga a kwamfutar, shi ne ke kai ta KDC, sabar da ke ba da tikiti, ya karɓo maka tikiti ba tare da ka sani ba, da makulli kuwa babu kalmar sirrin da za a kai, don haka sshd ya yarda kai ne amma sabar fayiloli ba ta san ka ba. Shi ya sa ake barin ka ka shiga amma a rufe maka ƙofar ɗakinka.

Batun wai wani lokacin yana yi kuma, ragowar tikitin da ka samu da kalmar sirri ne bai mutu ba tukuna. A FreeIPA in ba a taɓa saitin ba tikiti awa 24 yake yi, to jiya da rana kana cin arzikin tsohon ne, da safe ya ƙare. Gwada kinit, umarnin karɓo sabon tikiti da kalmar sirri, a nan inda ka maƙale sai ka yi cd, in foldar ta buɗe magana ta ƙare.

Gyara na dindindin, ni dai abin da nake yi shi ne in bar makulli in koma GSSAPI, wato shiga SSH da tikitin Kerberos, ka yi kinit a kwamfutarka, ka sa GSSAPIAuthentication yes da GSSAPIDelegateCredentials yes a saitin ssh, tikitinka zai bi ka zuwa can. Amma kar ka buɗe wannan ga kowace kwamfuta, wadda ka yarda da ita kawai, don duk wanda ke da root, wato cikakken iko, a can zai iya amfani da tikitin naka. Kuma masu barin aiki yana gudana cikin dare a tmux (mai riƙe aiki bayan ka fita) ko cron (mai kunna aiki a kan lokaci) su ma haka zai same su idan tikiti ya mutu a tsakiyar aiki, ka duba krb5_renew_interval a sssd.conf, don cron kuma gssproxy, mai karɓo tikiti a madadin asusu, da keytab, fayil ɗin da ke maye gurbin kalmar sirri.

Malam_Root:

Hajiya ta gama magana. Kar dai wani ya ba ka shawarar komawa sec=sys, inda sabar ke yarda da lambar asusu kawai ba tikiti, don matsalar ta ɓace, za ta ɓace kam, amma duk wanda ya jona laptop ɗinsa a netwok ɗin da sabar ta yarda da shi ya ƙirƙiri asusu mai lambarka zai karanta fayilolinka, root_squash, saitin da ke rage ikon root a NFS, ba zai hana shi ba. Ga kuma iyakar rukuni 16 da za ta zo ta same ka, don sec=sys ba ya ɗaukar rukunan asusu fiye da haka. Ka duba agogo ma da chronyc tracking, Kerberos ba ya jure bambancin da ya wuce minti 5.

Sabon_Admin:

Wallahi Hajiya kin yi gaskiya, klist babu komai, ina yin kinit foldar ta buɗe nan take. Allah ya saka da alheri. Agogo ma daidai yake Malam. Saura tambaya ɗaya, akwai wani asusu da muke ajiye bakof da shi ƙarfe 2 na dare ta cron, ba mutum ba ne balle ya yi kinit, keytab ɗin nasa da ipa-getkeytab zan ciro shi? Don na ji an ce yin hakan yana canza kalmar sirrin asusun.

Hajiya_Kerberos:

Eh yana canzawa, tsohuwar kalmar sirrin da duk wani tsohon keytab za su daina aiki, to ka tabbata babu wani abu da ke amfani da su kafin ka ciro. Ka ajiye fayil ɗin inda root kaɗai ke iya karantawa.