Na haska tsofaffin 'yan tsanan Star Wars da fitilar duba kuɗin jabu, ku taimaka mini da shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wasu 'yan tsanan roba na fim ɗin Star Wars da marigayi mahaifinmu ya sayo wa yayana lokacin yana karatu a Ingila, farkon shekarun 1980. Kowane bai kai inci huɗu ba, a bayan cinyar wasu an buga 1977 da Hong Kong. Wani mai tara irinsu a ƙasar waje ya ga hotunansu yana so ya saya, amma ya ce sai na haska su da fitilar UV a ɗaki mai duhu na tura masa hoto. Na aro ta duba kuɗin jabu na haska. Abin da na gani ya ɗaga mini hankali. Farin sojan nan, Stormtrooper, ƙirjinsa daban yake fitowa, hannuwa da ƙafafu daban. A gashin wani ɗan tsanan, Han Solo, akwai wani ɗigo da ya yi baƙi ƙirin, alhali da rana ba a ganinsa. Bindiga ɗaya kuma tana walƙiya, sauran shiru. Jabu ne ke nan? Hasken zai lalata su? Kuma sojan ya yi rawaya, an ce akwai sinadarin da ke dawo da farinsa, in gwada?

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kwantar da hankalinka, ƙanena. Ido ba ya ganin hasken UV, amma wasu sinadarai kan shanye shi su mayar da shi haske mai launi, shi ne walƙiyar da kake gani. Kowace roba, kowane fenti, kowane gam da yadda yake amsawa. Sojan nan da roba iri biyu aka yi shi: kai da gangar jiki haɗe suke, na roba mai tauri da ake kira ABS, shi ya sa wuyansa ba ya juyawa, hannuwa da ƙafafu kuma PVC ne mai ɗan laushi. To dole su bambanta a ƙarƙashin fitila, kuma ko tsufa ba tare suke yi ba. Wannan ba alamar jabu ba ce ko kaɗan. Haskawa na minti ɗaya ko biyu ba ya komai. Abin da ke cin roba shi ne rana da zafi na shekara da shekaru, su ne ke sa iska ta ci ABS ya koma ruwan ɗorawa. Ka dai guji fitilar kashe ƙwayoyin cuta ta UV-C, tana ƙona ido da fata.

'Yar uwa daga Lesta:
Ɗan uwa, ina tara waɗannan kayan, kuma garin Coalville na nan Ingila, inda kamfanin Palitoy yake a da, ba shi da nisa da mu. Su ne suka riƙa sayar da su a Ingila, asalin masu su kuwa Kenner ne na Cincinnati a Amurka. Shekarar 1977 da ka gani ta haƙƙin mallaka ce, ba lallai ta ƙira ba. Sai 1978 'yan tsanan suka shiga kasuwa, aka ci gaba da yi har 1985, a masana'antu daban-daban na Hong Kong da Taiwan da Makawo da Sin. Kowace da garwayen robarta. Don haka za ka ɗauki na asali guda biyu, ɗaya ya yi walƙiya ɗaya ya ƙi. Duk wanda ya ce maka fitila kaɗai ta isa yanke hukunci, bai daɗe a harkar ba.

Inda fitilar take da amfani sosai shi ne tona gyara. Ɗigon nan na gashin Han Solo, ni a ganina wani ne ya cike wurin da fenti ya goge, da alƙalamin maka (marker) ko wani fentin. Gashi da hanci da yatsu su suka fi gogewa a hannun yara. Tambayi yayanka, wataƙila shi ya yi da kansa yana yaro. Irin wannan gyaran yana rage kuɗi, amma ɗan tsanan yana nan na asali.

Bindigar ce abin bi a hankali, domin makamai aka fi kwaikwaya, kuma wani lokaci ƙaramar bindigar da ba ta kai farce ba ta fi mai riƙe da ita tsada. Saka ta a kofin ruwa, ka danna ta ƙasa don kumfar iska ta fita. Yawancin na asali kan taso sama, tsofaffin jabu kan nutse. Sai dai masu jabun yanzu sun iya yin mai tasowa, don haka a haɗa da duba zanen jikinta da tabarau mai ƙara girma. Tunda kayan tun wancan zamani suke gidanku, zai yi wuya a ce ta jabu ce, ta yiwu dai ta wani kayan wasan ce ta shiga ciki.

Mai gyaran waya:
Yallaɓai, ka duba lambar jikin fitilar. Mai 395 tana zubo shunin haske da yawa har ta rufe abin da kake nema, mai 365 ta fi fito da shi fes. Ka bi kafaɗu da ɗinkin gefen ƙirji, in an taɓa mannawa da gam sau da yawa zai nuna layi. Kuma kada ka ɗora su kan farar takarda ko farin yadi wajen hoto, su ma walƙiya suke yi, sai su kashe hoton. Baƙin ƙyalle ya fi. Batun rawaya kuwa, na ga ana jiƙa roba a sinadarin haidurojin feroksaid a shanya a rana, tana fari tas.

'Yar uwa daga Lesta:
Tana fari, gaskiya ne, amma don Allah kada ya yi. Rawayar kan dawo bayan wani lokaci, baƙin fentin idanu da bel na iya koɗewa, wani sa'in farin ma ya fito dabbare-dabbare. Masu saye da yawa sun fi son rawayar gaskiya a kan wanda aka wanke, kuma in aka gano an yi ba a faɗa ba, cinikin ya watse. Ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi sun wadatar, musamman in hannuwan sun fara danƙo, wanda man da ke tausasa PVC ne yake tsattsafowa.

Maman yara:
Ni dai roƙona kada a bar wa ƙananan yara su sa a baki. An sha samun dalma da kadmiyam a kayan wasan shekarun 1970 da 1980. Sannan kayan gado ne, a sanar da sauran magada kafin a yi ciniki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya ya tabbatar shi ya shafa alƙalamin maka a gashin. Bindigar ta taso a ruwa. Zan faɗa wa mai sayen batun fentin, sojan kuma zan bar shi da rawayarsa. A ina ya fi dacewa in adana su kafin mu gama shawara da 'yan uwa?

Malamin kimiyya:
Ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da taga, ba saman silin ba kuma ba kusa da kwanon rufi ba. Kowane a ware shi daban kada su manne da juna, makaman a ƙaramin mazubi nasu, kuma kada ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, tana narkewa ta bar tabo.