Neman shawara: yadda za a kafa dandamalin tsalle na wasan zamiya a tafkin Volta

Mai tambaya, daga Nima a Accra: Assalamu alaikum jama'a. Muna da jirgin ruwa mai inji, kuma an haɗa mana dandamalin da masu zamiya a kan ruwa ke hawa su yi tsalle. Muna so mu kafa shi a tafkin Volta na Ghana, sama da madatsar Akosombo. Anka, wato nauyin da ake saukewa ƙasan ruwa ya riƙe shi, guda nawa za mu sa, da wane nauyi, don kada ya riƙa juyawa?

Amsa ta farko, daga Ashaiman: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin maganar anka, duba ƙasan ruwan. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 daji ne ruwa ya cinye, kututturan itatuwa suna nan tsaye har yau. A bi hanyar da jirgi zai bi da wurin da mai tsalle zai sauka da doguwar gora, ko a ja sarƙa tsakanin kwale-kwale biyu. A yi wannan wajen Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ya ja baya. Sannan a nemi izinin VRA, hukumar da ke kula da madatsar, tukuna.

Amsa ta biyu, daga Madina ta Accra: Anka huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, igiyoyin su buɗe waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Idan ka sauke su kai tsaye ƙasa, iska kaɗan ce za ta murɗa dandamalin. Ankar ta zama bulon kankare, amma kankare yana rasa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa a ruwa, wato bulo mai kilo 200 bai wuce kilo 120 ba a ƙasa. Ku zuba shi da faɗi, ba dunƙulalle ba, don ya kama laka. Daga anka a fara da sarƙa mita 2 ko 3, sai igiyar nailan. Ku guji igiyar roba mai yawo a saman ruwa, farfela take kamawa.

Abin da ya fi ɓata aiki a Volta shi ne hawa da saukar ruwa. Tsakanin ƙaramin ma'aunin ruwan madatsar, ƙafa 240, da babban, ƙafa 278, akwai fiye da mita 11. Igiyar da ta yi daidai a Yuli za ta ja hancin dandamalin cikin ruwa a Oktoba, ko ta tumɓuke anka. Tsawon igiya ya kai zurfin ruwa sau uku, a auna da cikar ruwa, rarar kuma a naɗe a kan dandamalin yadda za a riƙa saki da ja duk mako.

Amsa ta uku, daga Mamobi: Malam ya gama magana kan anka. Ƙari kan ma'aunin dandamalin: faɗi mita 3.7 zuwa 4.3, tsawon da ke saman ruwa mita 6.4 zuwa 6.8. Tsayi kuwa ku tsaya a mita 1.5, ku bar 1.8 ga gwanaye. Bakin dandamalin na ƙasa ya nutse sosai, in ba haka ba allon zamiya zai buge shi. A shafa kaki a fuskarsa, famfo ya riƙa jiƙa ta, don busasshen katako yana riƙe ƙafa ya kifar da mutum.

Mai tambaya: Na gode. Ƙwallayen da ake sawa a kan ruwa don alamar hanya fa?

Amsa ta biyu: Kowace da ƙaramin bulonta, a sa roba mai miƙewa a tsakiyar igiyar. Kafa layin jirgi tukuna, sannan ka daidaita dandamalin da shi. Masunta kuma a sanar da su, kada su shimfiɗa raga a layin.