Neman shawara: Fasto ya ba ni koyarwa a kan tawali'un sarakuna, ana cewa habaici zan yi

Ɗan Zabura:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah ku taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni ne shugaban matasa a majami'armu, bara aka zaɓe ni bayan wanda ya daɗe a kai ya sauka, to shi wannan ɗan'uwan har yau littafin kuɗi da makullin ɗakin kayan kiɗa suna hannunsa, duk ranar koyon waƙa sai na aiki yaro gidansa ya karɓo makulli, wani lokaci a ce ya tafi kasuwa mu zauna a kan benci muna jira har duhu ya yi kowa ya watse. Kuma kawunsa dattijo ne, shi ne ma ma'ajin ikilisiya. Matasa suna ta zuga ni in kai ƙara gaban dattawa na ƙi, na ce musu ku duba Dawuda a 2 Sama'ila 16, Shimai na zaginsa yana jifansa da duwatsu, Abishai, ɗaya daga cikin jarumawan Dawuda, ya ce bari ya je ya sare wa Shimai kai, Dawuda ya ce a ƙyale shi. Yanzu wasu sun daina zuwa wai tsoro ne ke damuna. Abin da ya faru ranar bikin godiya kam ba zan shiga ciki ba.

To Fasto ya ce ni zan yi koyarwa a taron shugabanni ƙarshen wata, a kan tawali'u cikin sarakunan Yahuza. Na ɗauki Yotam saboda ba a cika maganarsa ba. Ubansa Uzziya ya yi shekara 52 yana sarauta, da ya ƙasaita sai ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da ba nasa ba, firist Azariya da firistoci 80 suka hana shi ya fusata, kuturta ta fito masa a goshi. Shi kuwa Yotam shekara 16 ya yi, ya yi gine-gine ya ci yaƙi, amma 2 Tarihi 27 ta ce bai shiga Haikali yadda ubansa ya yi ba. Ya san iyakarsa. Ban san yadda maganar ta fita ba, yanzu ana cewa Baba ma'aji nake nufi da Uzziya. In yi koyarwar ne ko in ce Fasto ya ba wani?

Baba Dattijo:
Ɗana, ka saurare ni da kyau. Na daɗe ina zama a majalisar dattawa, na ga irinku da yawa. Sarkin da ya kamata ka karanta Rehobowam ne, 1 Sarakuna 12. Dattawa suka ce masa in ka zama bawan mutanen nan yau ka ba su amsa mai daɗi, za su bauta maka har abada. Ya watsar, ya bi samarin da suka tashi tare, kabila 10 suka ɓalle. Waɗannan yaran da ke zuga ka su ne samarin Rehobowam. Ka bar Uzziya kwata-kwata, yaro ba ya tsayawa gaban iyayensa ya yi maganar kuturta. Ka je ka gaida ma'aji a gida da ɗan goro ko sabulu, makulli zai zo da ƙafarsa.

Maman Rahila:
Baba ku yi haƙuri amma wannan “je ka gaishe shi” ita ta kashe mu a Zumuntar Mata. Mun tara kuɗin anko da na kujeru, shugabarmu ta riƙe littafi, duk wadda ta tambayi rasit sai a ce ba ta da tawali'u. Ni da na yi magana a mitin har gida aka biyo ni wai in tuba. Kullum na ƙasa ake koya wa tawali'u. Asa ma sarkin kirki ne ai, amma da annabi Hanani ya faɗa masa gaskiya kurkuku ya jefa shi, 2 Tarihi 16. Har yau kujerun nan ba mu gan su ba.

Ɗan Zabura:
Baba na gode, amma ai ban bi samarin ba, shi ya sa ma suke fushi da ni. Kuma na je gidan ma'aji, ya ce maganar yara ce ba ruwansa. Mama ni ban ce an ci kuɗi ba fa, littafin ne kawai ban gani ba.

Malam Bulus:
Ɗan'uwa ni tambaya nake da ita. Shirun nan naka tawali'u ne ko gudun rigima? Dawuda kansa Shimai ya zaga, shi ya sa Dawuda yake da ikon yafewa. Amma makullin nan ba naka ba ne, na matasa ne, su ne ke zama a benci har dare. Dawudan nan dai a 1 Sama'ila 30, da mutum 200 suka gaji suka tsaya a rafin Besor, wasu daga cikin waɗanda suka je yaƙi suka ce ba za a ba su ganima ba, bai yi shiru ba, ya ce rabo ɗaya za a yi, har abin ya zama doka a Isra'ila. Da abin ya taɓa raunana ya buɗe baki. Ka yi koyarwarka, amma maganar makulli ka kai wa Fasto daban tun kafin ranar.

Baba Dattijo:
Malam Bulus, Dawuda sarki ne shafaffe, wannan yaron shugaban matasa ne na ɗan lokaci, kar ka haɗa. Kai ƙara wurin Fasto raba ikilisiya ne, na ga an yi, iyali guda suka kwashe suka koma wata majami'a saboda janareta. Ɗana in dole sai ka yi koyarwa ka ɗauki Yosiya. Yana ɗan shekara 8 ya hau sarauta, da aka karanta masa littafin Shari'a ya yage tufafinsa ya yi kuka, Allah ya ce saboda ya ƙasƙantar da kansa ba zai ga masifar da za ta auko wa Yahuza ba. Wannan ba wanda zai ce da shi kake.

Maman Rahila:
Yosiyan nan wurin wa ya aika a tambayo masa Ubangiji? Wurin annabiya Hulda, mace. Sarki guda ya saurari mace. Baba in za a koyar da Yosiya a haɗa da wannan, don a wurinmu ko addu'ar rufe taro ba a ba mu.

Ladi:
Ni dai na taɓa shugabancin 'yan kwaya na sauka da kaina, hawan jini ya kusa kama ni. Ka ajiye musu kayansu ka huta ɗan'uwa, Allah ya san zuciyarka.

Ɗan Zabura:
Sauka kam ba zan yi ba, ba ni na nemi kujerar ba. Malam Bulus ba tsoro ba ne, na yi addu'a sosai kafin na yi shiru, kuma ku ba ku san yadda gidajenmu suke da su ma'aji ba, akwai auratayya a tsakani. Yotam ɗin ma tun kafin rigimar nan nake nazarinsa, in na canza yanzu ai kamar na yarda habaici ne. Kuma ba yadda za a yi bayanin Yotam ba a ambaci ubansa ba, ayar ce ta haɗa su.

Malam Bulus:
To ka ƙarasa ayar. Ta ce Yotam ya yi daidai amma jama'a suka ci gaba da lalacewa. Me za ka ce a kan wannan ɓangaren?

Baba Dattijo:
Na faɗa maka abin da za ka yi. In ka hau bagade da Uzziya a bakinka kar ka ce ba a gaya maka ba.

Maman Rahila:
Wai me ya faru ne ranar bikin godiyar? Don ni ina ganin a nan maganar take.

Ɗan Zabura:
Mama wannan doguwar magana ce. Fasto ma ya yi tafiya sai jibi zai dawo. Akwai wanda yake da wani bayani a kan Yotam ban da 2 Tarihi 27 da 2 Sarakuna 15?