Neman kalma: me za mu kira "exposure" a tsohuwar kyamara?

Malamar Aji: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan koya wa ɗalibai saita haske da hannu a Pentax K1000, mai fim ɗin nan da ta fito a 1976. Na duba "exposure", wato yawan hasken da ke isa kan fim, a ƙamus ya ba ni "fallasa". Ina zan tsaya gaban yara in ce mun fallasa fim? A taimaka.

Tsohon Mai Hoto: Wa alaikumus salam, 'yata. Ni "shan haske" nake cewa. In fim ya sha da yawa hoto ya ƙone, in bai ƙoshi ba ya fito da duhu. Abu biyu ne a hannunki: faɗin ƙofar da haske ke shiga da daɗewar shigarsa. Rana tsaka, fim mai lamba 100 (lambar saurin kama haskensa), ki sa ƙofa a f/16, daɗewa kuma 1/125 na sakan.

Mai Fassara: "Awon haske" fa?

Tsohon Mai Hoto: Awo aikin allurar nan ce da ke rawa in an leƙa cikin kyamara. Ita ta auna, fim ya sha. Kada a haɗa su.

Ɗalibin Nahawu: Da girmamawa, Baba, "sha" maganar bakin titi ce. Ilimi sai da kalmar ilimi: "haskantarwa". Kuma wai me ya sa muke ta cewa kyamara da fim? Na'urar ɗaukar hoto ba ta ishe mu ba?

Mai Fassara: Malam, shi "hoton" daga ina ka samo shi?

Ɗalibin Nahawu: Wannan ya daɗe, ya zama ɗan gida. Abin da ke cin harshen nan raina kai ne.

Tsohon Mai Hoto: Yaro, "dodon hoto" da "wanke hoto" wane kwamiti ya zauna a kansu? Kuma haskantarwarka, in ta yi yawa sai a ce me?

Ɗalibin Nahawu: Wuce-haskantarwa.

Malamar Aji: Kafin in gama faɗinta an tashi aji. Na ɗauki shan haske, allura kuma awon haske. Saura ƙofar: lamba na girma tana tsukewa, daga f/11 zuwa f/16 rabin haske ya tafi. "Ƙwayar ido" ba ta fi ba?

Tsohon Mai Hoto: Ƙofa dai.

Ɗalibin Nahawu: A aji na yarda. A rubuce kam ban janye ba.