Majalisarmu ta watse, ta ina zan fara gyara?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema, abin nan ya hana ni sukuni.

Muna da majalisa a Anguwar Rogo nan Jos, bakin teburin mai shayi, bayan isha'i muke zama tun muna samari, ko sanyin Disamba ba ya hana mu fitowa. A nan ake haɗa gudummawar aure da suna, a nan ake jin wanda ba shi da lafiya. To tun zaɓen 2023 musun siyasa ya shigo, kowa da gwaninsa, wani abokinmu in ya fara magana ba ya barin kowa ya ce uffan, har ya taɓa yi wa wani babban yayanmu baƙar magana a gaban yara. Daga nan mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, yanzu yawancinsu sun koma wata majalisa wajen Bauchi Road, mu huɗu muka rage.

Na bi su na tambaya, wannan ya ce can akwai janareto da kallon ƙwallo, wancan ya ce abokansa ne suka koma shi ma ya bi, amma ni na san ba ƙwallo ba ce, raini ne ya kore su, kunya ce ta hana su faɗa.

Na gwada hana zancen siyasa, ko sati bai yi ba. Shin in tari abokin nan gaba da gaba, ko in nemi dattijo ya shiga tsakani? Wallahi ba na so in rasa ko ɗaya cikinsu.